Kai iyali shan iska a Millennium Park na Abuja: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin magidanta da iyaye mata duk lokacin da aka ce za a fitar da yara, ko mazauna Abuja da kewayenta ne, ko baƙin da suka zo hutu wurin 'yan'uwa daga Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Wanda yake sauri sai ya nufi wadda ta dame shi kai tsaye.

Ina wurin yake, kuma me ya sa kowa shi yake ambata?

Millennium Park yana unguwar Maitama, dab da otal ɗin Transcorp Hilton da Unity Fountain, ba nisa da Sakatariyar Tarayya da yankin da Majalisar Dokoki da Kotun Ƙoli da Fadar Shugaban Ƙasa suke. Shi ne lambun shaƙatawa mafi girma a cikin birnin. Faɗinsa kusan hekta 32 ne, wato ya haura filayen ƙwallo 40 idan aka jera su. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, zamanin mulkin Obasanjo, a makon da Abuja ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila. Wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya zana shi, kamfanin Salini ya yi aikin. An rufe shi lokacin annobar korona a 2020, aka sake buɗe shi a 2022.

Dalilin yawan ambatonsa kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Abuja gari ne mai tsada, kusan duk inda za ka zauna da iyali sai ka yanki tikiti ko ka sayi wani abu. Ga shi yawancin ma'aikata a ciki da falo suke zaune a Nyanya da Mararraba da Kubwa da Lugbe, tsakar gidan da yaro zai yi gudu babu, bakin ƙofa kuma titi ne. A nan ne yaro zai sheƙa a guje har ya gaji ba tare da uwarsa ta ɗaga murya tana cewa ya kula da mota ba.

Me za mu tarar a ciki?

Wani rafi ne ya ratsa lambun ya raba shi gida biyu. Ɓangaren da ke wajen babbar ƙofa an tsara shi irin lambunan Italiya: doguwar hanya miƙaƙƙiya da aka shimfiɗa wa farin dutse, maɓuɓɓugan ruwa jere a gefenta, ciyawa shimfiɗe dama da hagu. Mai zanen ya saita hanyar ne yadda mai tafiya a kanta zai riƙa hango Dutsen Aso. Ɗaya ɓangaren an bar shi kusa da yadda Allah ya halicce shi, da bishiyoyi da tsirrai irin na sassan Najeriya dabam-dabam. A ranar buɗewa shugabannin da suka halarta sun dasa wata bishiya 'yar asalin Madagaska, mai ganye kamar na ayaba a baje kamar mafici. Idan kun ci karo da ita ku nuna wa yara, suna son irin wannan labari.

Abu ɗaya dai: kada ku yi wa yara alkawarin ganin ruwa yana tashi sama, domin ba kowane lokaci ake kunna maɓuɓɓugan ba. Ku ce musu za a je fili mai ciyawa da inuwa. In an dace an tarar da ruwan, ƙari ne.

Ana biyan kuɗin shiga? Nawa ya kamata in tanada?

Lambun na jama'a ne, kuma da shiga kyauta aka san shi. Kuɗin da ke fita daga aljihun magidanci a wasu wurare yake fita: kuɗin mota zuwa da dawowa, hayar tabarma ga wanda bai zo da tasa ba, masu ɗaukar hoto, da masu tallar askirim da lemo da balan-balan waɗanda idon yaro ba ya wuce su. Farashin waɗannan yana tashi a ranakun biki.

Shawarata, Malam, ka yanke tun daga gida abin da za ka kashe wa kowane yaro, ka kuma faɗa musu. Yaron da aka ce masa "askirim ɗaya ne naka yau" tun a mota ya fi sauƙin lallashi a kan wanda aka bari yana ta roƙo. Ka riƙe canji a hannu, domin a ranar cunkoso tura kuɗi ta waya yakan yi nawa. In ka bi abin da ke amsar tambayar abinci da ta kayan ɗauka a ƙasa, kusan kuɗin mota ne kawai zai zama babban nauyinka.

Wane lokaci na shekara ya fi daɗi?

Kowane yanayi da irin nasa. Daminar Abuja takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. A lokacin ne lambun ya fi kyau, ciyawa kore shar, iska mai sanyi, sai dai ƙasa a jiƙe take kuma hadari yakan haɗu da rana tsaka ko da la'asar ba sallama. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a ganina, shi ne zaɓi: ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, ƙura ba ta sauko ba tukuna.

Disamba da Janairu hunturu ne. Rana ba ta da zafi ƙwarai, amma akwai hazo da ƙura, har Dutsen Aso ma wani lokaci da ƙyar ake hango shi. Mai yaro mai asma ko yawan tari ya duba sama kafin ya fita, ya zo da maganin shaƙa da takunkumi, kowa kuma ya shafa mai a leɓe da ƙafa. Fabrairu zuwa farkon Afrilu kuwa bazara ce, zafi yakan haura digiri 35. Ana iya zuwa, amma sai da safe ko bayan la'asar.

A cikin yini fa, ƙarfe nawa za mu je, ƙarfe nawa za mu tashi?

Tsari biyu ne suke aiki. Ko dai ku iso da hantsi, ku kama inuwa mai kyau kafin jama'a su cika, ku tashi kafin rana ta take. Ko kuma ku yi azahar a gida, yara su ɗan yi barci, ku iso wajen la'asar ku zauna har rana ta yi sanyi. Masu ƙananan yara na farkon ya fi musu. Abin da ba ya aiki shi ne fitowa ƙarfe 12 na rana, a iso a gajiye, a tarar duk inuwa da mai ita.

Magariba a Abuja tana faɗawa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma da zarar rana ta faɗi duhu ba ya jira. Ku fara naɗe tabarma da sauran haske, ku ƙirga yara da kaya. Da kun shiga ku tambayi masu gadi lokacin da za a rufe ƙofa a ranar. Sa'a biyu zuwa uku sun ishi yawancin iyalai. Gara a tashi yara suna cewa a ƙara kaɗan da a tashi ana kuka.

Ranar Sallah muke so mu je. Ya kuka gani?

Ku je, amma ku san abin da za ku tarar. Washegarin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, da Kirsimeti da kashegarinta, da sabuwar shekara da Ista, su ne ranakun da lambun yake cika maƙil. Akwai daɗi a ciki: yara cikin sababbin kaya, 'yan mata da lalle, ana ta gaisawa da mutanen da aka daɗe ba a gani ba. Yaro ɗan shekara takwas ko goma ba zai manta da irin wannan rana ba.

Amma wurin ajiye mota yana wuya, layin shiga yana tsawo, kuma a irin ranar ce yara suka fi ɓacewa. Idan yaranku duk ƙanana ne, ko kuna tare da tsohuwa, ku bari sai kwana uku ko huɗu bayan Sallah, ko wata Asabar da safe. In kuwa lallai sai ranar, to ku karanta amsar da ke kan ɓatan yara sau biyu, kuma kada babba ɗaya ya fita da yara fiye da uku.

Ba mu da mota. Yaya za mu isa?

Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, Keke Napep ma ba ya zirga-zirga a wannan yanki, saboda haka ƙarshen tafiyar da tasi za a yi ta. Masu tahowa daga Mararraba da Nyanya ta mahaɗar AYA da ke Asokoro za su shigo, na Kubwa da Zuba da Suleja ta babban titin Kubwa, na Lugbe ta titin filin jirgi. Wanda ya sauka a Sakatariyar Tarayya ya kusa. Idan direba ya nuna bai gane ba, ka ce masa kusa da Hilton.

Ga mai iyali, ɗaukar shatar mota ɗaya ko kiran mota ta waya irin Bolt ya fi kwanciyar hankali a kan tare mota a bakin titi, musamman a komowa da yamma. Matsalar 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, sananniya ce a Abuja. Ku shiga mota a tasha ko wadda kuka kira, ku duba lambarta, ku tura wa wani ɗan'uwa. Sannan a ranakun da ake taro a Dandalin Eagle Square, ko ake zanga-zanga a Unity Fountain, akan toshe wasu hanyoyin yankin. Ku saurari rediyo da safe kafin ku kama hanya.

Me da me za mu ɗauka?

Tabarma ko babbar darduma, a damina kuma da leda mai faɗi da za a fara shimfiɗawa a ƙarƙashinta, in ba haka ba danshi zai ratso har zannuwa. Ruwan sha ya fi komai, kuma ku ɗauki fiye da yadda kuke zato, domin shi ne na sha, shi ne na wanke hannu, shi ne na alwala. Sai buta, sabulu, tsumma, lema, hula ga yara, da kayan canji ɗaya ga kowane ƙaramin yaro. Ƙwallo da igiyar tsalle. Filasta da farasitamol da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Manyan ledoji biyu na zuba shara, waɗanda za a yi maganarsu a gaba.

Takalmi ma abin dubawa ne. Wurin da faɗi, tafiya ake yi sosai. Takalmin Sallah mai tsini ko sabon da bai saki ba zai hana mai shi sakewa. Abin da ba ku buƙata kuwa ku bar shi a gida: sarƙar gwal, kuɗi masu yawa, kwamfuta.

Mu dafa daga gida ne ko mu saya a can?

Ku dafa. Ya fi araha, kun san hannun da ya yi, kuma zaman cin abinci tare a kan tabarma shi ne rabin daɗin fitar. Sai dai a zaɓi abin da yake jure zafi kuma ba ya buƙatar kwanuka da yawa. Dafa-duka a kula, soyayyar kaza ko nama, dambun nama, kilishi, soyayyar doya ko dankali, dafaffen ƙwai, fanke, cincin, dabino, lemon zaƙi, ayaba. Tuwo da miya a bar su sai an dawo. Kwaɗon da aka haɗa tun safe da salak mai mayonis ba sa son rana.

A wajen abin sha, zoɓo ya fi jurewa, musamman idan an sa shi a firiza ya daskare tun dare. Kunun aya da fura da nono suna saurin juyawa in ba ƙanƙara, kuma cikin yaro ba ya ɗaukar abin da na babba zai ɗauka. In an zo da su a fara shanye su. Kankana a zo da ita ba a yanka ba, a yanka a wurin, saboda ƙuda. Kada ku zo da risho ko gawayi da niyyar hura wuta a kan ciyawa. Da rani busasshiyar ciyawa ba ta da wuyar kamawa.

Wata 'yar dabara: a yi girkin da daddare ko a raba shi, kada uwar gida ta tashi tun asuba tana fama da tukunya ta iso lambu a gajiye. Akwai ƙarin magana a kan wannan a amsar tambayar Hajiya da ke ƙasa.

A ina ya fi dacewa mu shimfiɗa tabarma?

Ku nemi inuwar da za ta daɗe. Inuwar safe tana yamma da bishiya, ta la'asar tana gabas da ita, saboda haka ku lura da inda rana za ta karkata kafin ku sauke kaya. Ku duba ƙasa sosai saboda cinnaka da kwarkwasa, ku ɗaga kai ku duba ko akwai busasshen reshe ko gidan rina. Masu ƙananan yara su yi nesa da rafi da doguwar ciyawa, su zaɓi wurin da babba yana zaune zai iya ganin fili ta kowane gefe. Kada kuma ku yi nisa ƙwarai da ƙofa idan kuna da tsoho ko kaya masu nauyi. Da isarku wani babba ya zaga ya gano inda banɗaki yake, kada a bari sai yaro ya matsu.

Salla fa?

Ku zo da buta da darduma, ku yi alwala a gefe inda ruwan ba zai kwarara zuwa shimfiɗar wasu ba. Alƙibla daga Abuja gabas ce maso arewa, manhajar waya za ta saita muku. Manya su yi bi da bi: Malam ya yi tare da manyan yara maza, Hajiya tana lura da ƙanana, sannan ya karɓe ta. Kada duk manya su tayar da salla lokaci ɗaya a bar yara ba mai kallo, musamman in akwai ruwa kusa.

Masallacin Ƙasa yana 'yan mintoci kaɗan a mota. Wasu iyalai sukan haɗa biyun ranar Juma'a, a yi salla sannan a wuce lambu, sai dai a yi haƙuri da cunkoson motoci bayan an sallame.

Wuri ne da kowa da kowa yake zuwa. Ya dace magidanci ya kai iyalinsa?

Tambaya ce ta gaskiya kuma ba a raina mai yin ta. Abuja garin kowa ne. A lambun za ka ga Musulmi da Kirista, 'yan kudu da 'yan arewa da Turawa, ango da amarya suna ɗaukar hoto, matasa suna kiɗa, samari da 'yan mata a zaune. Ba kowace shiga ce za ta yi maka daɗi ba. Wanda ya ce maka ba haka ba ne bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma ni ina ganin ya dace, kuma ina ƙarfafa shi. Wurin da faɗi, iyalai sukan taru a gefe guda, kuma da safe yawanci masu yara ne da masu motsa jiki. Za ka ga mata da hijabi da niƙabi a zaune da 'ya'yansu ba wanda ya dame su. Yaran nan a garin suke girma, a makaranta da kasuwa suna ganin irin mutanen nan. Gara su gan su kana kusa, su ga yadda ubansu yake gaisawa da maƙwabcin tabarma cikin mutunci, yadda yake kau da kai daga abin da bai dace ba, yadda yake tashi salla in lokaci ya yi ko da ana wasa. Idan yaro ya yi tambaya a kan wani abin da ya gani, ka amsa masa a natse. Tarbiyya ce ta samu wuri.

Ina tsoron yaro ya ɓace mini a cikin jama'a. Me zan yi?

Tsoron yana kan hanya, kuma maganinsa tun daga gida ake fara shi. Kafin ku fita ku ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar. Ku rubuta lambar waya a takarda ku sa a aljihun ƙananan, manyan kuma su haddace ta. Kowane yaro ya san cikakken sunan mahaifinsa, domin "Baba" ko "Abba" ba zai taimaki mai neman iyayensa ba. In da hali a sa musu kaya masu launi mai haske iri ɗaya, ankon Sallah ma yana wannan amfani.

Da kun zauna, ku nuna musu wata alama babba da ba ta motsi, ku ce duk wanda ya rasa mu ya tsaya a nan. Ku koya musu cewa wanda ya ɓace ya nemi mai gadi ko uwa mai yara, kada ya bi kowa zuwa wajen ƙofa ko wurin motoci, ko da an ce "babanka ne ya aiko ni". Sannan a raba yaran da suna: wane yana hannun wane. Yawancin ɓata yana faruwa ne a lokacin da manya suke da yawa, kowa yana zaton ɗayan yana kallo. Yayarsu 'yar shekara goma tana iya taimakawa, amma kada a ɗora mata amanar mai rarrafe ko mai tatata. Ita ma yarinya ce, wasa ta zo yi.

Idan abin ya faru, babba ɗaya ya zauna da sauran yara a kan tabarma, ɗaya ya fara duba bakin rafi, wani ya je ƙofa ya sanar da masu gadi ya nuna musu hoton. A kira sunan yaron da ƙarfi, a faɗi launin rigarsa, ba kunya a nan. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Ni ce uwar yaran. Duk fitar da muka yi, na fi kowa gajiya. Ina amfaninta gare ni?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma amsarta maigida ya kamata ya karanta. Abin da aka saba gani shi ne uwa ta yi girki, ta yi wa yara wanka, ta haɗa kaya, a lambu ta raba abinci, ta bi wannan ta goya wancan, a dawo gida kuma wanke-wanke yana jiranta. Maigida yana kishingiɗe da waya. An ce an fita shan iska, amma mutum ɗaya bai sha ba.

Malam, idan ka kai iyali lambu, ka ɗauka cewa ranar aikinka ce. Kai za ka ɗauki kular abinci da tabarma. Bayan an ci abinci ka kwashi yaran duka, in ban da mai shan nono, ku tafi zagaye na sa'a guda, ka bar ta ta miƙe ƙafa, ta yi hira da 'yar'uwarta ko ta yi shiru abinta. Ka buga ƙwallo da su, ka bari su cinye ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma yana taya iyalinsa aikin gida, saboda haka babu zubar da girma a ciki. Yara da yawa a Abuja ba sa ganin ubansu sai da daddare, ya fita tun duhu saboda cunkoson Nyanya ko Kubwa, ya dawo sun yi barci. Sa'a gudan nan tana da daraja a wurinsu fiye da duk abin da za ka saya musu a bakin ƙofa.

Mai mata biyu ko fiye ya tsara abin da adalci: ko a fita gaba ɗaya in akwai jituwa, ko a yi kowace da ranarta, kuma abin da aka kashe a wannan fita a kashe kwatankwacinsa a waccan. Yara suna lura da irin wannan ƙwarai.

Muna da jariri, ga kuma Kaka tana son zuwa. Zai yiwu?

Zai yiwu, da safe ko da yamma. Jariri ya zauna a inuwa, kada goyo ya daɗe a cikin rana da mayafi a lulluɓe da kansa. Wanda bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, a yawaita ba shi. A zo da ƙaramin gidan sauro idan za a kai yamma. Ita kuwa Kaka, a zo mata da kujera mai naɗewa, domin zama a ƙasa da tashi yana wahalar da mai ciwon gwiwa. Ta sha maganinta kafin a fito, mai ciwon sukari kuma kada abincinsa ya yi latti. Babbar hanyar da aka shimfiɗa wa dutse tana da sauƙin bi da keken guragu ko na jarirai, a kan ciyawa ne ake shan wuya, sai a zauna kusa da hanyar.

Alamun da za su sa a tashi nan take: yaro ko tsoho ya yi laushi, jiri, amai, ko jiki ya yi zafi ba gumi. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa in yana iya sha, a nufi asibiti. Babban Asibitin Maitama yana cikin unguwar.

Yarana sun saba da waya da talabijin. Ba za su ce wurin ba daɗi ba?

Minti goma na farko za su iya cewa haka. Ku bar wayoyin a jaka, naku ma, ku jefa ƙwallo a fili. In kun haɗu da wani gidan, 'ya'yan ƙanwa ko na maƙwabci, abin ya fi armashi. Ku koya musu wasannin da kuka yi kuna yara: langa, ɓuya, 'yar gala-gala, carafke, tsallen igiya. A wasan ɓuya dai a sa iyaka, daga wannan bishiya zuwa waccan. Masu son tambaya a zaga da su a ga wa zai fi gane bishiyoyi da tsuntsaye. Hawa bishiya da tsinkar fure da shiga rafi ne kawai za a hana.

Idan hadari ya taso muna ciki fa?

Ku tashi tun yana haɗuwa, kada ku jira ɗigon farko. Ruwan Abuja yakan zo da iska mai ƙarfi da tsawa. Kada a fake a ƙarƙashin bishiya, nan ne haɗarin aradu da karyewar reshe ya fi yawa. A nufi mota ko gini. A nisanci rafi, domin yana iya cika cikin ɗan lokaci ko da ruwan a wata unguwa ya sauka.

Ana ɗaukar hoto?

Ana ɗauka, shi ne ma abin da ya kawo wasu. Ku daidaita farashi da mai hoto kafin ya danna. Ku kiyaye kada matan wasu da 'ya'yansu su shiga hotonku, balle a ɗora a Facebook ko TikTok ba da saninsu ba. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa kada ku kawo shi. Tashinsa a Najeriya sai da izinin hukuma, wannan wuri kuma maƙwabcin Fadar Shugaban Ƙasa ne.

Sharar da muka tara, ba akwai masu kwashewa ba?

Akwai, amma hannunsu ba zai kai ga abin da dubban mutane suka zubar a yini ɗaya ba. Duk wanda ya ga lambun washegarin biki ya san yadda ledojin ruwa da robobi da ƙasusuwa suke rufe ciyawa, iska kuma ta kwashe ledar ta zuba a rafi. Abin yana da ciwo, domin wuri ne da talaka yake shiga ba a tambaye shi ko sisi ba, kuma irinsa ba su da yawa. Ledoji biyun da aka ambata a kayan ɗauka, ɗaya ta ragowar abinci da famfas, ɗaya ta robobi. Kafin a tashi a sa yara su zagaye tabarma su tsince komai, a mai da shi gasa. In kwandon shara ya cika, ku tafi da ledarku gida.

Muna son yin walima ko taron dangi a ciki. Sai mun nemi izini?

Iyali ɗaya ko biyu a kan tabarma ba sa buƙatar komai. Amma idan za a kafa rumfa, a kawo kujeru da lasifika, ko mutane za su yi yawa, ku je ofishin masu kula da wurin kwanaki kafin ranar, ku ji sharuɗɗa da abin da za a biya, ku karɓi rasit. Ko an ba ku izini, ku sassauta sauti saboda maƙwabta masu jarirai da masu salla.

Yara sun ce dabbobi suke son gani, ko lilo. Ina za mu kai su?

Millennium Park wurin fili da inuwa ne. Masu son dabbobi sai gidan zu na yara da ke Asokoro, a gindin Dutsen Aso, ba nisa daga nan. Masu son lilo da motocin wasa na lantarki sai Magicland, wanda a da ake kira Wonderland, kusa da Filin Wasa na Ƙasa a hanyar shigowa gari. Masu son ganin ruwa da kwale-kwale sai Tafkin Jabi, inda dole a ninka sa ido, kuma kada yaro ya shiga jirgin ruwa ba rigar kariya. Gidan zu da Magicland ana biyan kuɗin shiga, a Magicland kuma wasannin ma da kuɗinsu.

Kada ku haɗa wurare uku a yini ɗaya. In kuna son biyu, ku fara da gidan zu da safe lokacin da dabbobi suke da kuzari, sannan ku zo lambu ku ci abinci ku huta. Magicland a ware masa ranarsa dabam, a ƙarshen wata idan albashi ya shigo.